Jerin Ban-ruwa a Kwamfutar Ɗana

Ƙanen matata ne ya kai ɗana ga 'yan sa-kai, ya ce shi ke ba ɓarayin daji labarin garinmu. A ƙasarmu ta Rabah, wanda aka ɗora wa wannan magana ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba.

Ɗan nawa yana aji uku a jami'a a Sakkwato, karatun kwamfuta. Ni aji biyu na sakandare na tsaya, ban taɓa cewa na san abin da yake yi ba. Ya dai ce mini malaminsu ya umarci kowa ya nemo matsalar garinsu ya rubuta mata manhaja. Shi ya ɗauki rabon ruwa, don kowane rani sai an yi rigima a fadama kan wa ke da ban-ruwa yau. Ya bi gona-gona yana rubuta sunan mai ita da inda take. Sabis kuma ba ya kamawa sai bayan gari, kan tudun da muke kafa rudu, rumbun ajiyar albasa. Can yake zama da hantsi shi kaɗai, kwamfuta bisa cinya.

Ana haka ɓarayi suka ɗauke mutum uku a fadama. Duk ukun suna cikin jerin da ɗana ya rubuta. Ni ma ina ciki, liman ma yana ciki, amma wa ya tsaya duba wannan?

Ina dashe aka ce in zo da gudu, an kama ɗana. Na iske shi zaune ƙasa a ƙofar mai gari, an ɗaure masa hannuwa da igiyar awaki. Babban 'yan sa-kai ya turo mini kwamfutar.

"Kai ka yi boko. Karanta muna. Mi na na wanga?"

Baƙin allo, Turanci gutsi-gutsi da alamomi masu kama da baka. Haruffan na sani, ma'ana babu. Na tabbata in na ce ban gane ba, bayan gari za su yi da shi, kuma ba a dawowa.

"Baba, taɓa koren can na sama," in ji ɗana. Wani ya kai masa gindin bindiga a kafaɗa.

Na taɓa koren maɓallin. Sai ga ranaku da sunaye sun jeru. Na fara karantawa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya: Litinin, gonar wane, bayan azahar. Wani tsoho ya ce, "Wallahi ranata ta." Na karanta na gaba, mai gonar shi ma ya amsa. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe, don ina tsoron shirun da zai biyo.

Sun kwance shi, amma sun riƙe kwamfutar, suka ce ya bar gari kafin la'asar. Aikin shekara ya tafi, ya maimaita aji. Har yau bai sake kwana ɗakin uwarsa ba, mu ke zuwa Sakkwato ganinsa.

Ranar kasuwar Goronyo na haɗu da ƙanen matar tawa wajen buhunan albasa. Ya miƙo hannu, wai, "Yaya, rashin sani na." Ban karɓa ba.

Na ce, "Ba rashin sani ba na. Gonarka ta bakin hanyar ruwa, shekara da shekaru kana tare rabon mutane, ka ji tsoro na'ura ta tona ka. Don ruwan albasa ka so a yanka ɗan yayarka. Ka ci gaba da shiga gidana don ita, ba ni hana ka. Amma in na mutu, kar in gan ka cikin sahun jana'izata."