Takalmi a Kan Tebur

Shekara goma sha tara ina zagayawa da masu ziyara a gidan adana zane-zanen nan na birnin Odense, sai ga wata tsohuwa yau ta tsaya gaban zanen da na fi ji da shi kamar ɗakinta ta shigo. Gajera ce, rigar ruwanta na ɗiga, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya. Tsayuwar masu wasan tafiya kan igiya ce sak. Ina jin ta yi shekara hamsin rabonta da hawa igiya, amma ƙafar ba ta manta ba.

Marigayi mai zanen barkwancin jaridarmu ne ya yi zanen: 'yan wasan ban mamaki da ake yi cikin tanti suna bayan labule, budurwa mai tafiya kan igiya tana harara, takalminta a kan tebur. Kullum nakan ce takaicin talauci ne a idonta.

Tsohuwar ta zunguri ƙawarta da suka shigo tare. "Ke Gudrun, dubi aikin ɗan banzan nan. Mu ba ma ɗora takalmi a tebur, faɗuwa yake jawowa. Da gangan ya ɗora don in harare shi."

Tana dariya har da share hawaye, ni kuwa haushi ya kama ni. Littafi guda na rubuta a kan hararar nan. Ashe ba talauci ba ne, ita aka tsokana ta yi ta.