Sunana Ba Ya Cikin Sanarwar Rasuwarka, Nemesio

Ni ne Aurelio Boscán, na unguwar bakin tafki a Cabimas. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Da facin tayar keke na fara, a gindin wani mangwaro. Gyaran injin jirgin ruwa da ido na koye shi, babu wanda ya kama hannuna. Jirgina na farko ruɓaɓɓe na saye shi na tayar da shi da kaina, kuma kafin in cika hamsin ina da guda bakwai suna kai ma'aikata rijiyoyin mai na tsakiyar tafki. Na gina bene, na kai 'ya'ya uku jami'a. Ban ci gadon kowa ba, ba ni da ubangida, ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa wanda ke rubutun nan bai saba neman abu a hannun mutane ba.

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 2008, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Nemesio Chourio a gidansa, yana da shekara sittin da takwas, bayan doguwar jinyar huhu. Washegari sanarwa ta fito a wannan jarida. Akwai sunan matarka Ligia, da 'yarka Yajaira, da jikoki, da ƙungiyar tsofaffin masu nutso, da kwamitin unguwa, har da mai kantin maganin kusurwa. Na karanta ta sau uku, Nemesio. Babu sunana.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Lokacin da na san ka kai mai nutso ne, kana shiga ƙarƙashin ruwan da ya yi baƙi kamar kwalta, kana laluben bututun mai da hannu saboda ido ba ya amfani a can. Ni ina sama riƙe da igiyarka. In ka ja sau ɗaya, lafiya lau. In ka ja sau uku, in fito da kai ko da hannuna zai tsage. Da aka haifi Yajaira ba ka yi shawara da kowa ba, ka ce wanda ke riƙe maka igiya shi zai riƙe maka 'ya a wurin baftisma. Tun ranar muka daina kiran juna da suna, sai kompadre, yadda mahaifi da uban baftisma ke kiran junansu a nan. Ita kuma tun da bakinta ya buɗe, duk inda ta gan ni sai ta ce, "Baba, a sa mini albarka." In ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Ko a waya ne, da wannan take farawa. Ranar aurenta ma ba ta fita daga gida ba sai da ta faɗa.

Sai sabon Shugaban ƙasa ya hau mulki, garin nan ya rabe biyu kamar an sa wuƙa. Kowa ya san aski a wurin wa yake yi, da gefen da yake zama a coci. Kai ka bi shi da zuciya ɗaya, kuma ban taɓa cewa ba ka da dalili ba. Yanar idonka a zamaninsa aka cire ta kyauta. Likita ya tare a layinku, abin da ba a taɓa gani ba. Ni kuma na ce mutum ɗaya bai kamata ya riƙe makullin kowane ɗaki ba, kuma kuɗin mai ana watsa su kamar ba za su ƙare ba.

Kowace Lahadi sai ka gama sauraren jawabinsa a talabijin, sannan ka zo gidana da ƙwayoyin wasan domino a aljihu.

"Kompadre, yau ya wanke Amurka tas."

"Awa nawa ya yi?"

"Shida kacal."

"To yaushe yake aiki? Ya zage su da safe, ya sayar musu da mai da yamma."

"Da kai ne shanye shi za ka yi? Ajiye ƙwayarka, ɗan gatan Turawa."

"Na ajiye, sarkin tafi."

"Shekara talatin ina iyo a kan mai, ban taɓa ganin ɗigonsa a tukunyata ba sai da ya zo. Kai da ka ƙoshi tun tuni, me ka sani?"

Haka za mu yi ta yi har kofi ya huce, Edilia matata ta leƙo ta ce ko mu yi shiru ko ta kwashe kofunanta.

Da aka fara tara sa hannun masu neman a yi ƙuri'ar sauke shi, na je da rana tsaka na sa nawa, da lambar katina. Ka ce mini, "Kada ka sa, za su ajiye takardar." Na ce su ajiye. Suka kuwa ajiye. Kwangilata da kamfanin mai na gwamnati ta ƙare ba a sabunta ba, babu wanda ya gaya mini dalili. Jirage bakwai suka kwanta a bakin ruwa suna tsatsa. Mutanen da suka ci abinci a teburina suka koyi tsallaka titi in sun hango ni. Shekara ta zagayo Edilia ta rasu. 'Ya'yana suka tafi ɗaya bayan ɗaya, biyu Panama, ɗaya Madrid. Aka bar ni da bene mai ɗaki tara.

A cikin wannan hali na haɗu da Yajaira a kasuwar kifi. Lokacin ta zama sakatariyar kwamitin unguwa na magoya bayan Shugaba. Ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "Ina kwana, yallaɓai." Albarkar tana bakina, na riga na buɗe shi. Na haɗiye ta. Na rasa kwangila ban zubar da hawaye ba, amma ranar na koma gida ban sayi kifin ba.

Kai kuwa ba ka fasa zuwa ba ko Lahadi ɗaya. Da jar rigarka ta magoya bayan Shugaba kake zuwa, kuma ka hana mu zama a ciki. Sai ka ja teburin zuwa bakin titi, inda duk mai wucewa zai gan ka tare da ni. Na san abin da aka riƙa faɗa maka a taron kwamiti, ko da ba ka taɓa gaya mini ba.

Da na yanke shawarar mayar da jirage biyu kamun ƙaguwa, cikinsu ya cika da katantanwa da tsohuwar koma, ga shi babu mai nutson da zai yarda a gan shi yana yi mini aiki. Wata safiya na isa bakin ruwa na tarar da takalmanka a kan dakali. Kana da shekara sittin da huɗu, likita ya hana ka ko wanka da ruwan sanyi. Ka fito kana tari kamar ƙirjinka zai fashe. Na ce, "Wa ya sa ka? Ni na roƙe ka?" Ka ce, "Wa ya ce don kai na yi? Jirgin nake tausayi, ya samu mugun uba. Riƙe igiyar, ka cika surutu." Kwana huɗu ka yi a ƙarƙashinsu. Da jiragen nan biyu nake cin abinci har yau. Saboda haka abin da na rubuta a sama, cewa babu wanda ya taimake ni, yana da gyara a wuri ɗaya, kuma kai ne gyaran.

Zan faɗi laifina, don ba na son wani ya riga ni. A watan Disamba da ya wuce, da aka kayar da Shugaba karon farko a ƙuri'ar gyaran tsarin mulki, na bi ta layinku da mota ina danna oda, na tsaya a ƙofarka na daɗe ina dannawa. Ban san ranar aka dawo da kai daga asibiti ba. Daga nan ciwo ya kwantar da kai. Sau biyu na zo duba ka, na ga motar kwamiti a ƙofa, na wuce kamar hanya ce ta biyo da ni. Na ce sai ranar da babu kowa. Wata uku ina jiran ranar da babu kowa.

Ranar jana'iza 'yan jar riga ne suka ɗauki akwatinka. Na tsaya a tsallaken titi da hulata a hannu. Ligia ce ta ratsa mutane ta kawo mini kofi da hannunta. Ta ce, "Kompadre, ranar Lahadi ya sa na fito da domino na jera a kan gado. Ya ce yau kam mai taurin kan nan zai zo." 

Yanzu Lahadi takan yi tsawo. Jawabin nan nakan kunna shi in saurara har ƙarshe, ni da ban taɓa iya minti goma ba, ina tara amsoshi, babu wanda zan ba.

Allah Ya ji ƙanka, Nemesio. Ya gafarta maka, Ya ba ka hutawa da hasken da ba ka samu a ƙarƙashin tafki ba. Ya saka maka kwana huɗun nan da abin da ni ban iya ba. Ligia, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya jikoki. Tsofaffin masu nutso, ina yi muku ta'aziyya, kun rasa na gaba a cikinku.

Ke kuma Yajaira, ina yi miki ta'aziyyar uba irin wanda ba a samu sau biyu. Ra'ayina a kan Shugaba yana nan, ba zan yi miki ƙarya a kan kabari ba, kuma mahaifinki bai taɓa neman in canza shi ba. In don odar nan kika cire ni, kina da gaskiyar yin fushi, ki zo ki faɗa mini a ido. Amma za a buga kati na addu'ar kwana tara, kuma katin nan shi jikokinsa za su buɗe bayan dukanmu mun tafi. Ba na neman sama. Ki sa ni a ƙarshe, bayan mai kantin magani. Amma a rubuta: Aurelio Boscán, kompadrensa. Zan zo addu'ar ko an kira ni ko ba a kira ni ba, kuma wannan karon ba zan tsaya a tsallaken titi ba.