Takardar Hantata a Aljihun Bello

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Bello, kuma har yanzu ban daina kishinsa ba. Allah ya yafe mini.

Dukanmu teloli ne, shi a kasuwar Shagari, ni a Boɗinga. Tare muka koyi ɗinki, amma wuyan rigarsa ake yabo, nawa sai a ce "ba laifi". Da ƙungiyarmu ta teloli ta kawo wani kamfanin inshorar rai, aka ce sai an gwada jinin kowa kafin a karɓe shi, sai na ce a nan zan kayar da Bello. Na yi kwana bakwai ina ɗirkar jiƙon shawara safe da yamma, wai in wanke hantata ta fi tasa haske.

Sakamako ya fito. Na Bello lafiya lau. Nawa kuwa sinadaran hanta sun haura, kamfani ya jingine takardata. Likita ya ce wataƙila jiƙon ne, in bar shi, in dawo bayan wata uku a sake gwaji. Bello ya yi dariya har da riƙe ciki. Haushi ya kama ni, na cukuikuye takardar sakamakon na jefar a ƙofar asibiti.

Bello ya sha tarar da ni a shago yana cewa, "Kai taubashi, bar wanga jiƙo mu koma. Ɗiyanka mata huɗu na fa!" Ni kuwa sai in ƙara taka keke don kada in ji. Ban koma ba, don kada ya sake yi mini dariya.

Hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Sakkwato. Da abin da kamfanin ya biya ’ya’yansa suke karatu, babbar tana makarantar jinya. Ina taya su murna, amma in na dubi nawa ’ya’yan sai zuciyata ta yi zafi. Ko a mutuwa ya fi ni shiri. Da zai leƙo yau ya ga na bar jiƙo amma ban koma ba, na san irin sunan tsiyar da zai kira ni da shi.

Watan jiya matarsa tana rabar da rigunansa, ta aiko mini da wata takarda da ta tsinta a aljihu. Tawa ce, wadda na jefar. Ya tsince ta, ya goge ta da dutsen guga, ya rubuta ranar komawata a baya.

Na makara da shekaru, Bello. Amma ranar Litinin zan koma asibitin, kuma da takardar zan tafi.