Hagu ko Dama

Kawu mai fenti ne tun kafin ya yi aure. Da shafa wa mutane ƙofofi ya fara, ya koma rubuta allunan shaguna, har ya kai ga zana fuskar mutum a jikin katako ka rantse za ta yi magana. Rabin allunan titinsu daga hannunsa suka fito, daga hoton kan da ke ƙofar mai aski har na keken tela. Layinsa ba ya karkacewa, kuma ba ya ƙyale na wani ya karkace. Ko labule matarsa, wadda yara ke kira Inna, ta rataya, sai ya tashi ya gyara.

Sai ciwo ya taɓa masa ɓarin dama. Ya samu sauƙi, ƙafa ta taka, baki ya dawo, amma hannun ya ƙi riƙe buroshi. Ya gwada da hagu, ya dubi abin da ya fito, ya ja ƙofar ɗakin fentinsa ya rufe. Daga nan sai zaman ƙofar gida da rediyo.

Babban ɗansu, direba, ya ce ranar hutunsa zai zo da mota ya kwashe gwangwanayen, tunda warin ma bai dace da mai jinya ba. Kawu ya ce to. Wannan to ɗin ya tsaya wa Inna a rai. Ta san in ɗakin nan ya tashi, mutumin da ta aura ba zai sake tashi daga kujerar can ba.

"Malam, shiga ka ware masu kyau daga busassu, kada yaron nan ya zubar da abin kirki."

"Ke ba ki da hannu ne?"

"Hannu kam akwai. Ido ne babu, ni duk ja ja ne a wurina."

Ya shiga yana mita. Tana wanki a tsakar gida ta ji ƙarar gwangwani da salati, ta ruga da kumfa a hannu. Shuɗi ne ya suɓuce masa, ya ture rawaya, duka biyun suka malale a kan wani farin katako. Shi kuwa da ba ya son asara ya ɗaga gefen katakon da hagunsa, ya tokare da gwiwa, wai zai mayar da fentin cikin gwangwani. Fentin ya ƙi. Ya gangara inda ya ga dama, shuɗi ya ratsa rawaya, wani kore mai reshe-reshe ya fito a tsakani.

"Kin ga ɓarna?"

"Na gani. Bari in kawo tsumma."

"Tsaya tukuna." Ya daɗe yana kallo. "Hagu ko dama?"

"Na me?"

"Ke dai faɗi."

Ta ce dama. Ya karkata katakon, koren ya buɗe ya bazu, Kawu ya yi wata 'yar dariya da rabonta da ji tun kafin asibiti.

Haka aka ɗora. Tana kicin ko tana shanya sai ta ji ya ƙwala mata tambayar, ta amsa daga inda take. Ya hana ta leƙowa, ya ce in ta gani za ta fara dabara, shi kuwa ya sha dabara har ta ishe shi. Ya gwada ɗiga ruwa a kan fentin mai, ya gwada kunna fanka a kai. Wasu allunan suka fito kamar ruwan kwata.

"Hagun nan naki ne ya kashe wannan," in ji shi.

"Na jiya da ya yi kyau fa?"

"Wannan nawa ne."

Ranar da direba ya iso, da ƙyar ya sami wurin taka ƙafa, alluna ne shanye ko'ina. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Baba, wannan hoton mene ne?"

"Tambayi uwarka, ita ta tuƙa." Sai Kawu ya sunkuyar da kai. "Na ce maka to, ban manta ba. Ga su can, kwashe."

Inna ta san shi, ba ya janye maganar da ya yi. Ta riƙe bakin zaninta.

Direba ya shiga ɗakin. Suka ji yana girgiza gwangwanaye yana ajiyewa. Ya fito da busassun kaɗai a buhu, ya tsaya gaban ubansa yana kallon faratansa da fenti ya rine.

"Baba, wace kala ce ta ƙare?"

Kawu ya ɗago kai.

"Fari. Ka haɗo da katako, uwarka ta ce in na sake kallon ƙofar kabad ɗinta za mu ɓata."