Tunkiyar da Ta Sha Nonon Akuya

Babana bai bar mini gona ba, tumaki ya bar mini. Uda ne, gaba baƙi baya fari, masu dogon kunne, irin da ya karɓa daga hannun nasa uban. Shekarar babban fari ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har saura tunkiya guda mai ciki. Ita ma da ta haihu ba ta tashi ba. Ta bar 'yar tunkiya jiƙe a ƙasa tana rawar sanyi.

Lokacin ina aiki a gidan siminti na Malbaza, sai dabbobi suka zama a hannun Inna, mahaifiyata. Inna tana da wata jar akuya mai kumburarriyar gwiwa, in za ta ci dusa sai ta durƙusa. Ba mu ɗauke shi ciwo ba, cewa muke tsufa ne. Inna ta yi abin da kowace tsohuwa take yi a ƙauyukanmu in uwa ta mutu: ta matse akuyar tsakanin ƙafafunta, ta sa bakin marainiyar a hantsa. Akuya ta yi harbi, ta gaji, ta haƙura. Ranar har kuka na yi don murna, ba na ɓoyewa.

Marainiyar nan ita ta mayar mini da garke. Ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Masu saye daga Konni suna zuwa har ƙofar gida, ina korarsu. Matan ba na sayarwa ba ne, ko da wasa.

Sai haki ya fara. Uwar garken, marainiyar nan, ita ce ta soma: in an kora su rijiya tana baya, in ta iso ta tsaya da baki buɗe kamar wadda ta yi gudu. Tana cin harawa, tana lasar kanwa, amma kullum ƙara ramewa take. Ba zazzaɓi, ba zawo. Ciwon ba ya sauri ko kaɗan, wannan shi ya fi ci mini rai. Ta yi damina, ta yi rani tana haka kafin ta faɗi. Kafin nan babbar ɗiyarta ta soma. Na ba su sassaƙe, na sayi allura a kasuwar Tsarnawa, na yi sadaka. Daga baya na daina jin komai. In na dawo aiki aka ce wata ta faɗi, sai in ce a kira mai yanka, in shiga wanka.

Wani abokin aikina ya matsa mini, na ɗauko likitan dabbobi daga Konni. Ya sa kunne a haƙarƙarinsu, ya ɗebi jini, ya yi ta tambaya. Da ya ji labarin jar akuya, wadda ta daɗe da mutuwa, sai ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam, a karatunmu ƙwayoyin cutar nan biyu ne, dangin juna. Ta tumaki tana cin huhu, ta awaki tana kama gwiwa, kowace da gidanta. Amma yanzu ana cewa ba haka abin ya tsaya ba. Iri-iri ce, tana sauya kama daga garke zuwa garke, kuma ta akuya kan shiga tunkiya. Ba zan rantse akuyar ce ba. Sai an duba jinin a ga wace iri ce."

Na ce, "Likita, ina ruwana da danginta? Aure zan nema a gidansu? Magani nake tambaya."

Ya ce babu. Hanya ɗaya ce: cutar ta fi bi ta dakashi, wato nonon farko mai kauri da uwa take bayarwa bayan haihuwa. In tunkiya ta haihu, a ɗauke ɗan tun kafin ya kai baki, a raba su, a shayar da shi dakashin saniya da madararta.

Lokacin saura tunkiya ɗaya mai ciki, ita ma ta soma haki. Sauran duk raguna ne da tsofaffi. In ta haifi mace muka raba su, irin Baba ya tsira. In ba haka ba, shi ke nan.

Na shirya komai. Na yi magana da wata Bafillatana mai shanu a bayan gari, na kafa turken da zan ɗaure ɗan a bayan ɗakina. Na zaunar da Inna na yi mata bayani, na sake yi. Ban ambaci akuyarta ba, bakina ya kasa.

Ta ce, "Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Nonon uwa shi ka kashe ɗa?"

Na ce, "Inna, don Allah dai, in ta haihu ba na nan, ki ɗauke."

Ta ce, "To, na ji."

Ta haihu da hantsi ina wurin aiki. Na dawo da la'asar, jikina fari fat da siminti, na tarar da Inna zaune a kan turmi kusa da garke, fuskarta a sake kamar ranar suna. 'Yar tunkiya ce, mace, gaba baƙi baya fari, kunnen nan har ƙasa. Tana tsaye ƙarƙashin uwarta tana kaɗa wutsiya, bakinta duk dakashi.

Inna ta ce, "Na ɗauke ta kamar yadda ka ce. Sai ta yi laushi, ko kai ba ta ɗagawa, uwar kuma tana ta kuka. Wallahi da na jira madarar saniyarka da gawa ka tarar. Da hannuna na sa mata a baki. Dube ta yanzu!"

Na dube ta. Tana tsotso da ƙarfi, uwar tana haki a kanta. Na nemi fushi a cikina ban samu ba. Hannun nan na Inna shi ya raya kakarsu, ba don shi ba da ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ta ce, "Yawwa. Da babanka yana da rai, da ya ji daɗi."

Na cire turken bayan ɗaki, na ɗauki bokiti na shiga wanka.