Filin Ungulaye

Wanda ya yi min biza ce min ya yi aiki ne a filin jirgi, a Dubai. Ni da na gudu daga makaranta tun aji uku saboda ba na iya zama waje ɗaya, na ce ai kakata ta yanke saƙa.

Ranar farko bas ta ɗebe mu daga masaukinmu a Warsan, ta wuce babban filin jirgin ko birki ba ta taka ba. Muka yi ta tafiya har gine-gine suka ƙare, sai ga wani fili a bakin teku. Babu komai sai jirage masu saukar ungulu, masu kai ma'aikatan haƙar mai zuwa tsakiyar ruwa. An sayar min da ungulu da kan zabo, kuma ga ungulayen nan a jere ina kallo. Aka miƙo min tsintsiya.

Akwai wani tsoho ɗan Nijar da muke shara tare, Baba muke ce masa. Tarihin wajen a bakinsa yake, ko ba ka tambaya ba. Wai da ya zo rairayi ne da kwantena ɗaya, sai ƙyallen nuna iska a kan sanda. Wai a gabansa aka zuba kwalta, a gabansa Turawan farko suka tsufa suka tafi, Indiyawa suka karɓa.

Na ce, "To Baba, sau nawa ka hau?"

Ya ce, "Dusuma, ɗana, bi a hankali. Hawa na masu hawa ne."

Kai! Gemu ya yi fari a gindin jirgi, ƙafa ba ta taɓa barin ƙasa ba, kuma har yana alfahari. Na rantse ba zan zama shi ba.

Na dami oga har ya sa sunana cikin masu tafiya teku. Amma sai ka ci jarrabawar ruwa: a ɗaure ka a kujera cikin wani akwati, a kifa shi a kwamin wanka, ka kwance kanka ka fito. Ni da iyakacin iyona kududdufin bayan gidanmu. Na sha ruwa kamar raƙumi, amma na fito.

Ranar tafiya aka cusa ni a tsakiya tsakanin ƙarti biyu, ko taga ban gani ba. Muka sauka a kan wani dandamalin ƙarfe na haƙar mai, ruwa gabas, ruwa yamma. Wani ya ce, "Yalla, habibi," wato in yi maza, ya nuna min dandalin da jirgin ke sauka. Tsuntsayen teku sun yi masa fari fat da kashi. Aikina ke nan, in goge don ungulu ta sauka a tsafta. Ko wajen da zan taka in huce haushi babu.

Da na dawo Baba na nan inda na bar shi.

Ya ce, "Matafiyi, ya teku?"

Na ce, "Tasu tsintsiyar ta fi taka tsawo, Baba. Khalas, shi ke nan."

Ya yi dariya har da tari, ya miƙo min tawa.