Karatun da Inna Take Yi wa Sani

Ranar Talata ce, ashirin da bakwai ga watan Agusta na shekarar 1991. Ruwa ya ɗauke ke nan, gero ya fitar da kai a gonakin bayan gari, ni kuma ina dawowa daga talla da sauran ƙuli-ƙuli a faranti. A ƙofar gidan Malam Garba, malamin makarantar ƙauyenmu, na tarar da maza sun yi cincirindo a gindin dogon-yaro inda ya rataye rediyonsa. Can sai ihu ya tashi, wai an ba mu jiha, mun zama 'yan Kebbi. Samari suka hau buga gwangwani, yara maza suka faɗa cikin taɓo suna birgima, wani tsoho kuwa sai jan rigar mutane yake yi yana tambaya ko za a sauya ma'aikatan da ke tsare bakin iyaka. Malam Garba kaɗai na ga bai yi dariya ba. Na sheƙa gida na tarar da Inna tana matse man gyaɗa a turmi, na zazzage mata labari ina haki. Ko ɗago kai ba ta yi ba, sai ta dubi turmin ta ce, "Shi malamin, ɗan ina na?"

Ashe ta hango abin da mu ba mu hango ba. Malam Garba mutumin wajen Sakkwato ne, kuma bayan an yi girbi aka mayar da shi jiharsu. Aka ce za a aiko da wani, muka yi ta zuba ido har awaki suka mayar da ajinmu wurin kwana. Ƙauyenmu yana tsakanin Bagudo da iyakar Benin ne, makarantar da ta fi kusa tana cikin Bagudo, ga nisa, ga fadama da takan yanke hanya da damina. Sauran yara murna suka yi. Ni ce dai abin ya tsaya wa a rai, domin na kai aji uku kuma ina son karatun nan kamar me.

Ban kai kukana wurin Inna ba, don babu hanyar kai shi. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi, balle ta tsaya masa a gaban dangin miji. Sunana Hajara, amma a bakin Inna ni "ke" ce, in kuwa da baƙi a gidan in koma "wagga". Na san al'ada ce, na ga ana yi wa wasu, sai dai sanin bai hana abin yi mini zafi ba.

Aiki kuwa ya yi wa Inna katutu. Babanmu fataucin albasa da busasshen kifi yake yi zuwa kasuwannin ƙetaren iyaka, yakan yi makonni ba mu gan shi ba. Ita ke da girki da ɗebo ruwa da 'yar gonar kuɓewa a bayan danga da awaki, ga goyo a baya, ga sana'ar ƙuli da man gyaɗa da take kaiwa kasuwar Bagudo. A cikin wannan halin ne wata ranar kasuwa ta dawo da tsofaffin littattafan makaranta a ƙunshe cikin zane. Maman Ngozi ce ta ba ta, wata Inyamura mai shagon magani da ke sayen mai a hannunta, wadda 'ya'yanta suka wuce ajin. Inna ta yi firamare a Bagudo kafin aure, abin da ni ban ma sani ba sai a ranar. Zuciyata ta yi fari ƙal. Washegari ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta ɗauko gawayi, ta kira ƙanena Sani, yaron da bai wuce shekara huɗu ba, ta ce daga yau za ta riƙa yi masa makaranta.

Lokacin karatun nan yankowa ta yi daga jikin wasu abubuwa. Ta daina zuwa rijiya da hantsi lokacin da mata ke taruwa ana jan guga ana jan zance, ta koma zuwa da an idar da sallar asuba. Ta daina yawon kitso gida-gida, ta koma yin kalaba da hannunta ta ɗaura kallabi. In ana suna ko biki takan je ta yi barka, ta ajiye gudummawarta, ta juyo tun kafin a sauke tukunya. Sauran kuma sai ta ɗora kowane darasi a kan wani aiki. Lissafi yana tafiya da ɓarar gyaɗa, domin ga ƙwayoyin nan a gabanta tana kasa su kashi-kashi. Rubutu a jikin rumbu yake, lokacin da soyayyar gyaɗa ke shan iska a tabarma kafin a murje ta. Karatun littafi kuwa tsawonsa tsawon dahuwar wake ne, daga ɗora tukunya har ya yi laushi. Na sha lura cewa ranar da shafin ya yi wuya waken yakan ƙi nuna da wuri, kuma har yau ina zargin rage masa kanwa take yi.

Ni fa, ina nake a duk wannan? Ina gefen tabarmar da aiki a hannuna. In Sani yana gindin rumbu, nan za a kafa mini turmi. In an koma inuwar ɗaki, sai a ce in kawo faifai in yi bakace a nan. Ko tsintar tsakuwa a shinkafa ce, ba a yarda in kai ta zaure ba. Ina jiyo ƙawayena suna carafke a bayan danga, da yamma ina jiyo tafin gaɗa daga dandali, ni kuwa ina nan ina kallon ana ɗura wa Sani abin da ni nake kwaɗayi. Shi gogan ko a jikinsa. Inna tana karanta masa lissafin aji huɗu, shi yana cusa ƙwayar gyaɗa a hanci ko yana bin ƙadangare da ido. Na yanke a raina cewa da gangan take yi, tana so in gani da idona wanda ta fi so. Don haushi na riƙa ba da amsa ƙasa-ƙasa, ina haɗa ta da faɗuwar taɓarya yadda ba za a ji ba.

Matan gari ma ba su bar ta ba. Wasu suka ce girman kai ne, ta ga ta iya boko ta fi ƙarfin zama da su. Wasu suka ce mace ɗaya ba ta yin wannan aikin duka ta kuma sami sararin karatu, sai dai in akwai abin da ke taya ta. Masu tsananin zargi suka ce littattafan coci ne ake ba ta a shagon magani. A kan abu ɗaya dai bakinsu ya haɗu, wai ta mayar da 'yar fari baiwa ta ɗora ɗa namiji a tabarma. Magana ta bi 'yan kasuwa ta ƙetare iyaka har kunnen Gwaggo Balki, yayar babanmu, wadda ke aure a can. Ranar da ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu, tun kafin ta sha ruwa ta ce ta haɗu da Baba a kasuwa kuma ya ba ta riƙona. Gwaggo tana da wannan ikon a kan ɗiyar ɗan'uwanta, uwa kuma ba ta da bakin hanawa, balle a kan 'yar fari. Garinsu babu makarantar da zan shiga, kuma wadda aka kai riƙo sai aure ke dawo da ita. Na dubi Inna, na ga ta ci gaba da hura wuta. Nan take na ce a raina ita ce ma ta aika a zo a ɗauke ni.

Gwaggo ta ce za ta huta 'yan kwanaki kafin mu tafi, amma ba hutu ta yi ba, bincike ta yi. Ta leƙa randa, ta leƙa rumbu, ta ɗaga murfin kowace tukunya. Ba ta iya karatu ba, amma ta bi littattafan nan shafi-shafi tana neman hoton gicciye, har sansana su ta yi. Ta kama tafin hannuna ta ga duk ya yi kanta saboda daka, ta yi ƙwafa ta ce, "Wagga ɗiyar ɗan'uwana ta, ba jaka ba ta." Inna kuwa ba ta sauya komai a tsarinta don idon baƙuwa ba. Gwaggo takan ja kujera ta zauna a bakin ɗaki da goro a kunci, idonta yana kai da kawowa tsakanin tabarma da turmina.

Wata rana bayan azahar, ana zafi, ina dakan gero, Inna tana mulmula ƙuli ta ba mu baya. Ta ce, "Sani, bakwai sau takwas?" Na ce hamsin da huɗu a ƙarƙashin numfashina. Ta ce, "Sani, ba haka ba na, sake." Na sake lissafawa, na ce hamsin da shida. Ta ce, "Madalla, Sani." Sai muka ji Gwaggo ta tofar da goro ta ce, "Wane Sani? Wanga da ka barci?" Na juya. Sani ya baje a tabarma ya yi ɗai-ɗai, baki buɗe, ƙuda na yawo a kumatunsa, da alama ya daɗe da tafiya. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Duk watannin nan ina zaton ba a jin gunagunina, ashe shi ake saurare. Na tuna ba a taɓa buɗe littafi ina talla ko ina rijiya ba, kuma duk inda na yi kuskure nan ake cewa Sani ya sake. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni, Inna kuwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da mulmula kamar ba da ita ake ba.

Na ɗauka shi ke nan an fasa tafiya, ashe Gwaggo tana nan kan bakanta. Ranar da ta sa za ta koma, ta ce in ƙulle kayana. Mai kabu-kabu ya iso yana jira a waje, maƙwabta mata suka jeru a jikin danga wai sun zo sallama. Inna tana bakin murhu tana suyar ƙuli. Gwaggo ta riƙe hannuna, muka kai tsakar gida, sai ta tsaya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai ɗiyar da ba ta da mai ita niz zo ɗauka. In tana da mai ita, a yi magana in jiya."

Man yana ta ƙara a kasko. Can Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba ta ƙare karatu ba, Yaya."

"Wa?"

"Yarinyar."

"Ɗiya mata sun cika garinga. Wace?"

Inna ta tsaya da matsamin tsame ƙuli a hannu. Ni kuma na kafa ido a bayanta. Ta ajiye matsamin, ta goge fuska da gefen zane, ta ce, "Hajara. A bar man Hajara."

Wata daga cikin matan ta yi salati, wata ta rufe baki. Gwaggo ta saki hannuna, ta zare ƙullin kayan daga kaina ta jefa bakin ɗaki, ta ce ita za ta ji da Baba, ta fita abinta. Ni ko na tsaya ƙiƙam ina kuka, ban ma amsa kiran ba. Inna ta biya kuɗin maganar nan da fuskarta, domin shekaru matan gari suna yi mata ba'a da marar kunyar da ta ambaci 'yar fari a bainar jama'a. Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Karatu dai ya ci gaba da sunan Sani har aka aiko da sabon malami, ya gwada ni ya sa ni ajin da ya wuce na tsarana.

Yanzu ina aikin jinya a Birnin Kebbi. Ina da agogo a hannu da wani a waya, injin niƙa yana bakin layi, ruwa yana zuwa har cikin gida, amma in 'yata ta fari ta kawo mini aikin makaranta sau da yawa cewa nake yi ta bari sai na huta. Sunanta kuwa ina kiransa tun safe har dare, a gaban kowa, ba tare da na ji komai ba. Wani lokaci ina tsaye a kicin sai in ji ina marmarin tsakar gidan nan mai ƙamshin gyaɗa, da matar da ba ta da sararin zama amma ta sama mini wuri a cikin kowane aikinta. Sau ɗaya ta kira ni, kuma har yau ban gama amsawa ba.